Bencin Baba Garba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labarin shagon abincinki na Wunti. Yana nan a hannuna. Masu cewa miyata ba ta kai taki ba su ma suna nan, kuma ba su fasa lashe kwano ba.

Kin tuna gwangwanayen madarar da kike cika wa yashi ki ajiye kan kowane tebur, don direbobi su riƙa kashe guntun sigari? Ni ke sauya yashin kullum da safe, ina tsaki, kina hararata. To, na kwashe su. Yanzu doka ta hana shan taba a gidan abinci da tasha da motar haya. Ma'aikatan lafiya sun kawo mana takarda mai hoton sigari da jan layi a kai, suka ce hayaƙin ba ya barin na kusa, ko da bai taɓa sa kara a baki ba. Na karɓa da hannu biyu, na tura ta ƙarƙashin tire. Sati biyu ta yi a can.

Baba Garba ne ya hana ni manna ta, shi da ya fara sayen tuwonki tun kina da tukunya ɗaya. Ya ajiye tuƙi, amma duk hantsi yana kan bencinsa na bakin kicin. Ya ci, ya wanke hannu, ya ƙyasta ashana. Ni da duk Wunti ta san bakina, sai na kasa ce masa uffan. Mutumin da ya ɗauki makararki, da wane ido zan kalle shi in ce ya fita waje?

Ba ki ga 'yata Ummi, takwararki, ba. Shekararta shida, kuma asma ta sa ta a gaba. Baba yana kiranta amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta son mai furfura. Wata rana ta dawo daga makaranta ta zauna gefensa, yana busa hayaƙi, sai numfashinta ya sarƙe. A keke muka kai ta asibiti, ina riƙe da ita ina kiran sunanki.

Washegari na dama sitaci na manna takardar daidai saman bencinsa. Bai yi boko ba, amma hoton ba ya buƙatar karatu. Ya dube shi, ya mayar da karan aljihu, ya bar tuwonsa ya fita.

Kwana tara bai zo ba. A kwanakin nan masu jego suka fara shigowa da jarirai su zauna, mayafina ya daina wari, Ummi kuma ko sau ɗaya ba ta nemi maganin shaƙarta ba. Na ji daɗi, wallahi. Amma duk na juya na ga bencin nan babu kowa, sai in ji kamar ke na kora.

Rana ta goma sai ga shi, da goro a baki. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Hadiza, ba fushi na yi ba, kunya ce ta riƙe ni," in ji shi. "Shekara ashirin uwarki tana tari a gabana, ina ce mata hayaƙin itace ne. Ko sau ɗaya ba ta ce in kashe ba."

Ni ma itacen na ɗora wa laifi har kika rasu. Na zuba masa tuwo. Allah kaɗai ya san abin da ya ci ƙirjinki. Amma da dokar nan ta riske ki, da ta faɗi abin da kunya ta hana ki faɗa, wataƙila da kin ga Ummi.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya sanya miki iskar Aljanna. Ki yafe mana, ni da shi.

'Yarki,
Hadiza