Likkafanina a Ƙasan Akwati

Harra ta Gabas, Madina

Yaya Khalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Ni lafiyata ƙalau, don Allah kada ka tayar mata da hankali.

Fahad, ɗan Hajiya Wafa da nake jinya, ya dage sai ya kai mahaifiyarsa ta ga duwatsun ƙanƙara a jirgin ruwa, can ƙarshen duniya. Dole in bi ta, don ba ta yarda kowa ya ɗaga ta sai ni. Jiya ya nuna mini jirage biyu a waya, wai in zaɓa. Ƙaramin kwana bakwai zai yi. Babban kwana goma sha biyu, amma akwai likita. Yana ta zancen abincin halal, ni kuwa baƙin ruwan nan nake kallo.

Na ce, "Fahad, in mutum ya rasu a ciki, ina ake kai shi?"

Ya yi dariya, ya ce, "Haba Khala, shaƙatawa fa za mu je!" Khala yake ce mini, wato ƙanwar uwa da Larabci.

Yaya, shekara goma sha tara ina Madina, ban da Makka ban je ko'ina ba. Ko bikin 'yarka ban zo ba, don kada ajali ya riske ni nesa da maƙabartar Baƙi'a.

Babban na zaɓa, saboda Hajiya. Likkafanina da na wanke da zamzam yana ƙasan akwati, ƙarƙashin rigunan sanyi.

Ku taya ni da addu'a. Ba tsawon rai nake roƙo ba. Allah dai Ya dawo da ni Madina tukuna.

Ƙanwarka,
Sabuwa