Dogo Ya Gaida Bappa a Tsaye

Gagarawa, ranar Laraba.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan cinikinka na Damagaram. Ya kasuwar shanu, ya haƙuri da kewa? Mu nan ƙalau muke. Gero ya yi kai, riɗinka na gonar gabas ya fara fure, 'yarmu Hidaya tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ismail direba alhali ga waya. Ka san wayar gidan nan a zauren yayanka Bappa ake yi mata caji, a can ake amsa ta, maganar da nake tafe da ita kuwa ba ta zaure ba ce.

Na ji abin da kuka yanke a kan ɗanmu Dogo. Wai tun da ya dawo hutu daga Gumel a tsaye yake gaida Bappa, ya sunkuyar da kai kawai ya wuce. Bappa ya faɗa a gaban mutane cewa a gidan nan ba a taɓa yin yaron da ya gaida babba kansa na sama da na babban ba, boko ne ya buɗe masa ido, don haka ya gama makaranta, gona ta ishe shi. Kai kuma daga can uwa duniya ka ce to. Malam, ban taɓa shiga tsakaninka da Bappa ba, yau ma ba shiga zan yi ba. Amma ni na goya yaron nan, kuma idona biyu.

Na lura da shi yana nafila a tsakar gida. In zai yi sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya miƙe ƙafar hagu gefe kamar tsoho. In zai sauko daga amalanke ba ya dirowa irin na da, sai ya juya baya ya zuro ƙafar dama tukuna. Har bayan gida, ka yi haƙuri da faɗa, bango yake dafawa. Mai girman kai mutane yake yi wa, ba ya yi wa Ubangijinsa, balle masai. Gwiwar yaron nan ce ba lafiya. Na tambaye shi ya ce ba komai, irin ba komai ɗinka da na sani.

Ka tuna wandon da ka ɗinka masa da ƙaramar salla? Yanzu a ƙwauri yake tsaya masa. Yaro ya miƙe kamar karan dawa, ban san ko jikin ya riga ƙafar ba ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka kira Bappa ka ce a dakata har ƙarshen hutu. In ƙarya na yi, ni da kaina zan miƙa wa Dogo fartanya. Amma na san ban yi ba.

Ka gaida mai masaukinka da iyalinsa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Khairiyya.


Gumel, ranar Talata.

Zuwa ga Maigidana,

Sallama irin ta masu kewa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na gode da kiran da ka yi wa Bappa, ko da yake an ce muryarka ta yi ƙasa-ƙasa kamar ta mai neman aron jaki. Kada ka firgita da ganin Gumel a saman takardar nan. Daga asibiti nake rubuto maka, amma hankalina kwance yake.

Na ritsa Dogo a madafi, na ce ba zai fita ba sai na ga gwiwar. Ashe wani ƙulli ne ya fito a ƙasanta, kana taɓawa ya yi tsalle. Nan ya amayar da komai. Langa yake yi a makaranta, shi ne ma gwaninsu, kullum kuma da ƙafar hagu yake ɗingisawa, dama na riƙe a baya. Tun kafin hutu gwiwar take kuɓuce masa yana cikin tafiya, kamar an zare mata turke. Ya ɓoye ne don abu biyu: kada a hana shi langa, kuma kada a kira Cindo mai sakiya. Ya taɓa ganin an ɗora wa wani mutum ƙarfen da ya yi jawur da wuta a gwiwa, ya ce gara a ce ba shi da kunya da ya ji ƙaurin namansa. Na yi dariya, na kuma yi kuka.

Na aika Hidaya ta gaya wa Bappa. Amsarsa ita ce in ciwo ne ga Cindo nan kusa, in kuwa ba a son Cindo to ba ciwo ba ne. Ka ga an sa yaro a tsakiya, gaba wuta, baya gona.

Sai ya yanke wa kansa hukunci ba tare da ya gaya mini ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zaure cike da dattawa, ya shiga ya tsuguna har ƙasa a gaban Bappa, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa a tsugune yadda aka koya masa. Wajen tashi ne ƙoƙon gwiwar ya goce gefe. Daga cikin gida na jiyo ƙarar da ya saki, na fito ko mayafi babu. Na tarar Bappa ya rungume shi, hularsa na ƙasa. Wani ya ambaci Cindo, Bappa ya daka masa tsawa ya ce a tsayar da mota. Muna hanya, da ƙafar ta miƙe, ƙoƙon ya koma da kansa, amma gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

An ɗauki hoto, ba karaya. Mai gashin ƙashin wata ce Madam Magdalena, mutuniyar Filato, amma Hausarta ta fi ta ɗanka daɗi. Ta zaunar da mu ta ce a shekarun su Dogo abubuwa da dama ke kawo wannan. Wani ƙashinsa ne ke yin tsawo da sauri, jijiya ta riƙa jan wurin da take manne, shi ne ƙullin nan mai zafi. Wani ƙoƙon gwiwarsa ne ba ya zama daidai a kwaminsa, in naman cinya ba ƙarfi sai ya zame. Wani kuma jijiyar ciki ko guringuntsi yake yagawa a wurin ƙwallo ko kokawa, wannan wani sa'in har sai an yi aiki. Dogo biyun farko gare shi, langa da ƙafa ɗaya ta ƙara zuga su. Ta ce wuta ba ta ɗaure ƙoƙon gwiwa, tabo kawai za ta bari. Maganinsa ɗauri, hutu, da motsa cinya yadda za ta koya masa.

Bappa ya saurara har ta gama. Sannan ya tambaye ta yaushe yaron zai iya tsugunawa. Ta ce sai bayan watanni, kuma kada kowa ya matsa masa kafin nan. Ya daɗe yana juya carbinsa. Maganar makaranta dai bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Na san rijiya ta riga ta kawo ruwa, guga kawai ake jira.

Dogo ya ce a gaishe ka, a kuma ce ka yafe masa. Na ce masa sai dai shi ya yafe mana.

Matarka,
Khairiyya.


Gagarawa, ranar Laraba.

Zuwa ga Maigidana,

Ina yi maka sallama da zuciya fara ƙal. Ina fata kana lafiya, kuma garar da Ismail ya kai maka ta isa ba a taɓa ba. An yanke gero, ya yi auki, alhamdu lillahi.

Ka san yayanka, maganar da ya faɗa a bainar jama'a ba ya haɗiye ta. Ya ce ba yaron da zai gaishe shi kansa na sama da nasa. Likita kuma ta ce ba tsuguno. Da muka dawo gida kowa ya zuba ido ya ga wanda zai karya, ni kuwa na ci tuwona na ƙoshi.

Washegari da safe Dogo ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure, gwiwa a ɗaure, ni da Hidaya muna leƙe ta bayan zana. Ya yi sallama. Bappa yana kan buzunsa. Sai ya ajiye carbi, ya dafa bango, ya yunƙura. Har inda muke muna jin nasa gwiwoyin suna ƙas-ƙas. Malam, mutumin nan da ban taɓa ganin ya tashi wa kowa ba in ba hakimi ba, ya miƙe tsaye tsam, ya gyara hula, ya amsa gaisuwar ɗanka ido da ido. Da yake yaron ya ɗan ɗara shi tsawo, har dakalin zauren ya taka. Bai karya maganarsa ba, bai karya ta likita ba. Haka ya riƙa yi kowace safiya har hutu ya ƙare, ba kuma wanda ya isa ya yi murmushi.

Ranar Lahadi ya ce in fito da akwatin makaranta. Shi ya raka shi tasha, ya sama masa kujerar gaba don ya miƙe ƙafa, ya ja wa direba kunne. Ya ce wa Dogo langa sai Madam ta ce to, kuma ko ƙaya ce ta soke shi nan gaba ya faɗa. Madam ɗin ma za ta riƙa ganinsa a can Gumel. Cinyar ta fara ƙarfi, gwiwar ba ta sake kuɓucewa ba. Lakwal dai, kamar yadda mutanenku na can ke kiran makaranta, an koma.

Jiya Hidaya ta je gaida Bappa da safe. Ta tarar da shi tsaye a kan dakali, ya gyara hula, yana kallon ƙofa. Ya manta yaron ya tafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, sannan ya tambaye ta yaushe ake ba su Dogo hutu.

Ka dawo da wuri, riɗi na jiranka, mu ma haka. Kuma ka shirya ƙafafunka, don ɗanka a tsaye zai gaishe ka.

Taka har kullum,
Khairiyya.