Sau Ɗaya Na Kalli Fuskarsa

Funtuwa,
9 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Ƙarfi. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya, in dai wannan zaman ma sunansa lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tunda aka katse layin waya ba ni da hanyar jin muryarki, kuma abin da ke raina ko layin na nan ba zai fito ta bakina ba. Mati direba ya ce zai riƙa kawo miki in ya yi lodin Malumfashi.

Kaka ta zagayo, shekara guda ke nan da kashe ɗanki a gonarmu ta Maska. Na ce ɗanki don haka bakina ya saba tun ranar da aka yaye shi kika goya shi kika tafi, ko da yake ni na yi naƙudarsa. Kowa ya ce in yi haƙuri, na yi, amma jikina ya ƙi yi. Babur ya wuce ƙofar gida sai in tsinci kaina a ƙasa. Makon jiya wata mai gasa masara ta kafa murhu a bakin layinmu, ƙamshin na shigowa na saki tukunyar miya a kan ƙafar 'yata Ummi. Rubutu na sha, hayaƙi na shaƙa, tofi kuwa har na gaji da miƙa kai.

Da ƙonanniyar ƙafar tata Ummi ta ja ni wani ɗan asibiti inda ake duba waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Akwai wata Malama Bushra, 'yar Zariya. Ba allura, ba ƙwaya. Yatsu biyu take ɗagawa, ta riƙa kai su dama da hagu, ke kuma ki bi su da ido kina riƙe da abin da ya faru a ranki. Da ta gwada mini na ɗauka ƙuda take kora. Baban Ummi ya ce in bori ne babu ruwansa, sai da aka nuna masa takardun karatunta ya yarda. Ta ce mummunan abu yakan maƙale a ƙwaƙwalwa kamar lomar da ba a tauna ba, motsin idon nan ne ke taimaka mata ta wuce.

Na tambaye ta abin da zai faru da abin da nake gani in lomar ta wuce. Ta ce ba zan manta ba, amma zai ja baya, ya dushe, ya daina yanka ni. Ita a ganinta albishir ta yi mini. Yaya, kin fi kowa sanin yadda aka raine mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido. Na kiyaye wannan shekara ashirin da biyu. Sau ɗaya na ƙare wa fuskar yaron nan kallo, ranar da yake mutuwa a kan cinyata. Ita ce fuskar da ake so a dusashe mini, kuma ba ni da wata.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Taki,
Zuwaira.

Funtuwa,
24 ga Oktoba, 2021.

Yaya Mansura,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun gama yankan dawa lafiya, kuma Inna ta samu sauƙi.

Na je wurin Malama Bushra sau uku. Zuwan farko ba ta taɓa maganar gona ba, cewa ta yi in nemo wani wuri a raina da zan riƙa fakewa in abin ya yi nauyi. Na zaɓi gindin ɗorawar bayan gidanmu. A zuwa na biyu ta ce in faɗi sunan yaron. Na ce mata ɗan yayata ne. Ta dubi takardarta, ta dube ni, ta ajiye biro ta jira. Daga ƙarshe na ce Mahadi. Rufin ɗakin bai faɗo ba, ba wanda ya yi mini dariya, sai haushi ya kama ni, na ga abin da aka hana ni duk tsawon shekarun nan bai fi numfashi ɗaya ba.

Ba ki taɓa tambayata yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Bayan azahar ne. Na kai musu abinci gona, shi yana gasa wa masu aiki masara a bakin kunya. Muka ji babura. Ya tura ni cikin karan dawa, ya juya zai janyo ubansa, suka harbe shi. Da suka wuce da shanun na rarrafo na ɗora kansa a cinyata. Ashe yana da ɗan tabo a girar hagu. Ashe haƙoransa na gaba irin nawa ne. Ya buɗe baki ya ce a kira masa Ummansa ta Ƙarfi. Ke yake nema, ni kuwa ina riƙe da shi ina cewa sannu, kamar baƙuwar da ta tsaya a hanya.

Malama Bushra ta ce in auna zafin daga sifili zuwa goma. Na ce goma ta yi kaɗan. Ta tambayi abin da nake faɗa wa kaina in na tuna. Ga shi, ke ma ki ji: ni na sa aka kira shi. Babu ƙarancin masu aiki a gonarmu bara. Marmarin jin tafiyarsa a tsakar gida nake yi, kunya ta hana ni faɗa, sai na ce wa ubansa aikin ya fi ƙarfinsa, ya aika Ƙarfi.

Sai ta fara kai yatsun. In ta tsaya ta ce in ja numfashi, ta tambayi abin da ya zo mini, in faɗa, ta ce in bi shi. Ana cikin haka wani abu ya taso wanda na yi shekaru ban tuna ba. Ina jego a ɗakin Inna, ba kowa, na buɗe zanen da aka rufe jaririn ina leƙensa. Kika shigo da ruwan zafi kika kama ni. Kika fita kina tafa hannu, kika tara matan gida, aka wuni ana cewa Zuwaira marar kunya ta ƙyalla ido a kan ɗan fari. Inna ta ce na zubar mata da mutunci. Shekarata goma sha tara. Daga ranar ko nono nake ba shi bango nake kallo. Na san wasa kika ɗauke shi, amma ni ban tashi daga wasan nan ba har yau.

Zafin ya sauka zuwa bakwai, kuma tabon girar ya fara yi mini wuyar gani. Don Allah ki aiko mini da hotonsa, na san akwai a wayarki.

Ƙanwarki,
Zuwaira.

Funtuwa,
13 ga Nuwamba, 2021.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu don in tabbatar da idona.

Kin ce abin jego ya wuce, in bar tone-tone. Kin ce uwa ta nemi hoton ɗan fari, in mutane suka ji me za su ce. Yaron yana cikin ƙasa shekara guda, Yaya, har yanzu mutane kike ji? Su mutanen nan ina suke ranar da nake toshe masa ƙirji da ɗankwalina? Na yarda ke kika yi masa wanka, kika yi jinyar ƙyandarsa, kika sa shi makaranta, kuma Allah Ya saka miki. Amma da aka zo ta'aziyya ke aka zaunar a tsakiyar tabarma ana ba ki haƙuri, ni ina madafa ina tuƙa wa baƙi tuwo, don ba a ganin hawayen uwa a kan na fari. Ba ki ce in zo in zauna kusa da ke ba.

Mako biyu na ƙi komawa asibitin. Na zaɓi in riƙa faɗuwa in babur ya wuce, in dai zan rufe ido in gan shi sarai. Malama Bushra da kanta ta biyo ni gida. Na zaci lallashina za ta yi da ƙarya, sai ba ta yi ba. Na tambaye ta ko za ta iya cire zafin ta bar mini fuskar yadda take. Ta ce, "Mama, ba zan yi miki alkawarin abin da ba na iko da shi ba. Wasu abin yakan yi musu nisa sosai. Ke za ki zaɓa, kuma duk wanda kika zaɓa ba zan ga laifinki ba." Ta ce sau da yawa in mummunan ya ja baya, masu daɗin sukan matso. Na bincika nawa masu daɗin a gabanta. Ƙeyarsa na samu, da dugadugansa yana alwala, da muryarsa ta bayan danga yana gaishe ni ina amsawa a ciki-ciki.

Bayan ta tafi na ga Ummi tana canja tsumman ƙafarta, ta juya mini baya don kada in gani. Ƙunar ta ci ruwa. Yarinyar nan tun da muka gudo ita ke girki, ita ke tare ni in na faɗi, ko makaranta ta daina zuwa. Na rasa ɗaya saboda son raina, ba zan gurgunta ta biyu ba.

A ƙarshen takardarki kin ce duk da haka za ki ba mai hoto a Malumfashi ya wanko daga wayar. A kan wannan maganar taki zan koma ranar Litinin. Kada ki saɓa.

Zuwaira.

Funtuwa,
5 ga Disamba, 2021.

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, da fatan sanyin bana bai taɓa ƙafarta ba.

An sallame ni ranar Alhamis. Da aka ce in auna na ce ɗaya, kuma ba ƙarya na yi ba. Malama Bushra ta sa na maimaita cewa ba ni na harbe shi ba, masu bindiga ne, har na ji maganar ta zauna mini a ciki. Babur na hau na dawo gida. Na tsaya wurin mai masara na saya wa Ummi guda biyu. Baban Ummi ya yi sadakar ƙosai, maƙwabta suna ta shigowa barka. Aikin Malamar nan gaskiya ne, duk wadda kika sani tana fama ki turo ta.

Gonar tana nan a raina, da karan dawa, da nauyin kansa a cinyata. Fuskar ce ta koma kamar ta mutumin da ke tsallaken rafi. Na san akwai tabo a gira don na rubuta miki, amma ba na ganinsa. Ban damu sosai ba, na ce ai hoto na tafe.

Jiya Mati ya kawo. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, da girmana, kamar mai sata. Na ga saurayi cikin shuɗiyar shadda, ya karkata hula, yana dariya har da riƙe ciki, hannunsa a kafaɗarki. Kyakkyawa ne, tubarkalla. Na kalle shi tun hantsi har aka kira azahar ina jiran cikina ya motsa. Yaya, ban san shi ba. Ban taɓa ganin dariyarsa ba, ban san haka idonsa ke ƙanƙancewa ba. Da a kasuwar Funtuwa muka haɗu da wannan yaron, sai in ce masa ya matsa in wuce.

Wanda na sani shi ne mai ƙura a gashi, mai neman Ummansa, shi kuwa na miƙa shi da hannuna don in samu lafiya. Na samu. Ina ci, ina sha, ina barci.

Ga hoton nan cikin takardar, na naɗe shi a leda don kada ya ɓaci. Ki rataye shi a ɗakinki, ke kika san mai shi. Ki faɗa wa Inna na warke, kuma har yaron ya koma ga Allah ban ƙara zubar mata da mutunci a gaban kowa ba.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Zuwaira.