Wa Zai Kai wa Lauwali Goro?

Roni, Jihar Jigawa

Zuwa ga Yaya Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ya kusa yanka. Lauwali ne ke kai ta asibiti Kazaure, shi ne kuma ke gona. Na san ba ka yi mamaki ba.

A kan Lauwalin nake rubuto maka. Ka san halin ƙanen nan namu: ba ya ɗaga murya, ba ya cewa a'a, duk abin da aka ɗora masa sai ya ce ba komai. Tun rasuwar Baba duk auren da aka yi a dangi shi ne ya sayo goro, ya ɗauko dattawa a babur, ya tsaya har aka sa rana. Mu kuma muna ta yabonsa, tunda yabo ba ya gajiyar da mai yi.

To, mahaifin Khadijat, yarinyar da yake nema a Babura, ya aiko. Ya ce 'yarsa ta daɗe tana jira, idan kaka ta wuce manyan Lauwali ba su zo sa rana ba, zai ba ta dama ta saurari wani. Da na bincika sai na ga abin dariya da takaici. Inna ta ɗauka Kawu Sama'ilu na Gwiwa ya je. Kawu ya ce shi jira yake Lauwali ya zo ya ɗauke shi kamar kullum. Kowa ya manta cewa saurayi ba ya zuwa nema wa kansa aure, kuma Lauwali ba zai iya buɗe baki ya ce a je masa ba. Da na tambaye shi, ya ce kowa na da hidimarsa, ya ci gaba da gyaran tayar babur ɗinsa.

Ni mace ce, digirina ba zai zaunar da ni a zauren maza ba. Kai ne babba. Na sayi goro da alawa, na kuma shaida wa mahaifiyar Khadijat cewa kai da Kawu kuna tafe Juma'ar farko bayan an yanke gero. Ban nemi shawararka ba, don na san za ka ce a bar wa Lauwali ya shirya. Kada ka turo saƙo ko wakili, kai nake so.

Ka gaishe min da Anti Mu'minat da su Ashiru. Inna tana sa maka albarka. Idan ka sauka a tashar Kazaure, kada ka kira Lauwali ya ɗauko ka. Ka hau acaɓa.

Ƙanwarka,
Shatu