Ƙarfen Gariba

University Heights, Bronx, Afrilu 2017

Mma Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Surukarki Tahiratu da yara suna gaishe ki. Waakyen nan, shinkafa da wake, da take sayarwa a ƙofar shagona ya yi suna, har 'yan Jamaika na bin layi.

Mma, raina a ɓace yake. Wani ɗan Nijar, Barmo, ya kafa teburi a bakin titi daidai hancina. Man kaɗanya, sabulun salo, turare, duk abin da nake sayarwa shi ma yana da shi, kuma da araha, tunda ba ya biyan haya. Na yi masa magana, ya ce, “Titi na Allah ne, mon frère,” wai ɗan'uwana da Faransanci. Ga shi da fito kamar tsuntsu, ba dalili. Masu shaguna sun ce in kai ƙara hukuma, tunda ba shi da lasisi. Haƙurina ya kusa ƙarewa.

Ɗanki,
Yussif

Nima, Accra, Mayu 2017

Yussif,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, kai ne ciwon yanzu. Na ƙi kiranka a waya don na san ka iya katse tsohuwa.

Ka manta ƙarfen nan mai kama da ƙwallo da ke ƙarƙashin gadona? Kakan kakanka Gariba dillalin kamfanin Turawa ne a garinmu na bakin teku. Mutanen garin da ke gaba da mu suna da manyan kwale-kwale, su kan tare jiragen fatake tun a teku, su kwashe cinikin manja. Turawan kamfani suka aika ƙasarsu a turo jirgin yaƙi ya kare musu kasuwa. Jirgi ya zo bai san hanyar ruwa ba. Gariba ne ya hau ya nuna masa, yana murna za a kore masa abokan gaba.

An ƙone kwale-kwalen, gaskiya. Amma igwa ba ta san gidan dillali ba. Rumbunansa suka ci wuta, ƙanwarsa na ciki. Da kamfani ya rage shi kaɗai a bakin ruwa, ya yanka farashin da ya ga dama, ya ce dillali ma ba ya buƙata. Ƙarfen nan harsashin igwar ne, Gariba ya tono shi daga bangon ɗakinsa.

Shi ya sa a gidanmu ba a kai ƙara waje. A ajiye ƙarfen a tsakiya, kowa ya ɗora hannu, ba mai ɗagawa sai an shirya. Kai da ɗan'uwanka Alkasim kun yini a kansa saboda keke, kana kuka majina har haɓa. Ka kira Barmon nan ku ci tuwo. Allah ya yi maka albarka.

Uwarka,
Hasiya

Bronx, Yuni 2017

Mma,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta zo bayan na riga na buga wa hukuma wayar.

Sun zo sun kwashe teburin Barmo, ya koma wata unguwa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma titinmu ya shiga idonsu. Suka dawo ba zato, suka tarar da Tahiratu da kular abinci, ba lasisi. Ta tsorata ta ruga, suka kama ta, suka ɗauki zanen yatsunta. Kin san takardunta ba su fito ba. Yanzu tana hannun 'yan shige da fice, lauya ya ce mai yiwuwa a mayar da ita gida.

A'i mai kitso ta maƙwabta ce ta buɗe mini ido. Ta ce, “Kai ba ka san fiton Barmo ba? Duk sanda ya hango motarsu yake yi, matarka ta ja kula ciki. Tun zuwansa titin nan yake yi mata.” Ina cikin shago ina jin haushin fiton nan, Mma.

'Yarmu Nimatu ba ta cin abinci. Na yi mata Hausa, ta amsa da Turanci, wai yaushe mamanta za ta dawo. Jiya Barmo ya zo da kansa ya yi mini jaje, ya ce 'yan ƙungiyarsu sun san wani lauya. Bai san ni ne ba. Na kasa kallon idonsa.

Alkasim zai taho wata mai zuwa. Don Allah ki ba shi ƙarfen. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Yussif

Nima, Yuli 2017

Yussif,

Na yi kuka, na yi addu'a. Na share wa Tahiratu ɗakin baya, ina roƙon Allah kada a buƙace shi.

Ƙarfen ba zai zo ba. Alkasim ya ɗaga, ya ce ba jirgin da zai yarda da shi. Kuma kai ba ka rasa ƙarfe ba, yana nan a ƙirjinka. Je ka zauna gaban Barmo, ka faɗa masa wanda ya buga wayar, kafin ka karɓi lauyansa. Allah ya fito mana da Tahiratu.

Uwarka,
Hasiya