Shafin da na yanke wa kai

Assalamu alaikum admin da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe.

Ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina digiri na biyu a sashen nazarin addinai. Ɗaki ɗaya muke a unguwar Hayyus Sabi' da wani ɗan garinmu, bari in kira shi Nura. Ni na riga shi zuwa da shekara biyu. Ni na tarbo shi a filin jirgi, ni na koya masa yadda ake tsayar da ƙaramar bas ta haya da alamar hannu, ni na riƙa yi masa tafinta wurin mai sayar da dafaffen wake. A gida ni ne hafizin da ake nunawa da yatsa, shi kuwa ko limancin tarawihi ba a taɓa ba shi ba. To ku gaya min, yaya aka yi yau malamin da ke duba aikinmu yake ce masa "ya ibni", wato ɗana, ni kuma sai ya ce "abokin Nura"? Sau biyu ana dawo min da tsarin bincikena. Nasa karo ɗaya ya wuce, har da tafa masa kafaɗa a gabana.

Bincikensa a kan malaman Kirista ne na Turai na ƙarnonin da, abin da suka ce game da baftisma, da furta zunubi a gaban limaminsu, da wani matsayi bayan mutuwa da suke cewa ana tsarkake rai a cikinsa kafin ya shiga Aljanna. Saboda wannan ya koyi Latin a wani laburare na limaman Kirista. Ni da na bi shi sau ɗaya, hamma na yi ta yi har muka fito. Shi kuwa kullum ya dawo bakinsa ba ya rufuwa: wai mutanen nan sai sun jero hujjojin abokin gaba da ƙarfinsu, sannan marubucin ya ce "ni kuwa amsata ita ce", ya warware su ɗaya bayan ɗaya, kamar malamanmu na ilmul kalam. Ina gyaɗa kai ina cewa haka ne, hassada kuwa tana cina.

Al'adarsa ita ce ya fassara maganarsu da hannunsa zuwa Larabci, kalma da kalma, da bakin mai maganar, ya rubuta sunan littafin a saman shafi, raddinsa kuma a shafin da ke biye. Wata ranar Talata da hantsi ya sauka sayo burodi, ya bar littafin da yake rubutun a ciki a buɗe. Idona ya faɗa kan layin da ke cewa: "Ni kuwa amsata ita ce, babu tsira ga ɗan Adam sai da baftisma." Rubutun Nura ne, wanda mahaifinsa ya koya masa a allo. Na ɗauki hoto, na yanke saman shafin daga hoton, na tura wa mahaifinsa ta wani layin waya da ba wanda ya san ni da shi, na rubuta: "Malam, ka binciki ɗanka." Ba zan ce shaiɗan ne ba, da hankalina na yi. Da Nura ya dawo har na karɓi burodin na ce ya yi zafi da kyau.

Me nake so ya faru? Wallahi na ɗauka faɗa za a yi masa, a ce ya sauya maudu'i, ya koma baya shekara ɗaya mu yi daidai, tunda ya riga ya wuce ni. Na manta wane ne mahaifinsa: dattijo, limamin unguwa, wanda tun farko bai so wannan karatu ba. Ya kira Nura ina zaune, ina jin muryarsa: "Na ga hannunka. Kada ka sake ce min Baba." Nura ya tura hoton cikakken shafin, Malam ya ce ai bayan an kama mutum komai yana iya ƙarawa. Yau wata biyu ke nan ba ya ɗaukar wayarsa, an kuma hana mahaifiyarsa kiransa.

Abin kunyar, hassadar ba ta tafi ba. Nura ya rame, amma bai daina aiki ba, bai zargi kowa ba, ya ce littafin yana yawo da shi a jami'a, kowa zai iya ɗauka. Har haƙurin nasa haushi yake ba ni. Me ya sa komai nasa sai ya fi nawa, har ɗaukar musiba? Shekaranjiya ya ce in duba masa nahawun babin tuba na bincikensa. A ciki na karanta cewa malaman nan sun raba nadama kashi biyu: ta wanda ya tsani laifinsa, da ta wanda azaba kawai yake tsoro. Suka ce kuma tuba ba ta cika sai an furta da baki an gyara ɓarna. Na ajiye biro. Ba sai Kirista ya gaya min ba, na san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari, ni da nake karantar da hakan. Amma na san tawa nadamar ta biyun ce.

Jiya yayan Nura ya kira. Malam ya ce shi ya kasa gane mai ƙarya, don haka ranar Juma'a za a sauke Alƙur'ani a masallacinsa, a roƙi Allah Ya tona asirin maƙaryacin Ya kuma hana shi albarkar karatunsa, ko ɗansa ne ko wanda ya aiko hoton. Nura ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce mu ma a nan za mu yi tamu saukar a rana ɗaya, ya raba wa ɗaliban da muke gida ɗaya izu-izu. Ya dafa ni ya ce: "Akhi, kai ne hafizinmu, izu goma na ba ka. Kai kuma za ka rufe mana da addu'a, bakinka ya fi namu."

Na ce in sha Allah. In na faɗi gaskiya, Nura zai samu mahaifinsa, ni kuma sunana ya mutu a garinmu, don gidanmu da nasu layi ɗaya ne. In na yi shiru, jibi zan ɗaga hannu in roƙa wa kaina abin da na sani, su ce amin.

Jama'a, me zan yi kafin Juma'a?