Tsatsar da Ka Rufe da Fenti

Zuwa ga yayana Laminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can Aljeriya, ina sanar da kai cewa Inna tana samun sauƙi. An kwance mata ɗaurin hannu shekaranjiya. Na kira ka sau da yawa ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuta a nan akwatin saƙon wayarka, inda na san kana leƙowa.

Ka tuna da sharaɗin da Inna ta gindaya maka kafin ta yarda ka tafi. Ta ce ba za ta sa maka albarka ba sai ka bar mana motar marigayi Baba da lafiyarta, saboda ƙafafunta ba sa iya hawa taksi zuwa gidan likita duk sati. Motar nan kuwa ta kwana goma sha a cikin ruwa shekarar da kogi ya shigo mana Gudel, kuma ba wanda ya duba ƙarƙashinta tun daga lokacin.

Ka kai ta garajin Malam Hamma a Harobanda, ka dawo da ita tana walƙiya. Har ka sa na durƙusa na leƙa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, wanda su masu gyara suke kira pon. Baƙi wuluk, sumul. Ka ce mini, "Rakiya, wannan ƙarfen sai ya ga jikokinki." Inna ta dafa kanka ta yi ta addu'a har muryarta ta dushe. Ni na ɗauki jakarka zuwa tasha.

Wata huɗu na yi ina tuƙa ta. Wata ranar Talata da hantsi, muna dawowa daga gidan likita, na faɗa wani rami da bai kai a ambata ba. Na ji ƙara kamar an karya itace, bayan motar ya zauna, ƙafar hagu ta karkace. Muka tafi gefe har sai da muka daki katangar wani lambu. Inna ta tokare da hannu, hannun ya karye. Masu ban ruwan ganyen salati a lambun ne suka fito da ita. Abin da ta fara tambaya shi ne ko na ji ciwo.

Da aka ja motar zuwa garaji, Malam Hamma bai iya kallon idona ba. Ya ɗauki guduma ya ɗan ƙwanƙwasa pon ɗin, sai ga fenti yana ɓarewa, jar tsatsa tana zuba kamar garin barkono. Inda ƙarfen ya haɗu da sauran jikin motar, da yatsana na huda shi. Ya rantse mini ya nuna maka wurin, ya ce maka sai an canza, kuma samo wani zai ɗauki sati uku. Ka ce masa motar da za ta ɗauke ka jibi za ta tashi. Ka ce, "Shafa fenti kawai, mace ce za ta tuƙa, ba ta gudu." Shi ma na faɗa masa abin da ke raina, kuma na ɗauke motar daga wurinsa. Amma shi ba ɗan Inna ba ne.

Yaya, da ka ce mini motar ba ta da lafiya, wallahi da na rufa maka asiri a wurin Inna, na nemi wata dabara. Kai ka koya mini tuƙi a filin bayan lakwal, makarantarmu ta Damagaram. Kai ne kake cewa in riƙa sauraron mota, ba ta ɓoye ciwonta. Na yi ta sauraro wata huɗu, ina jin wani ɗan kuka daga baya, ina ce wa kaina ai Yaya ya duba.

An samo wani pon a Zongo, na hannu, na kai motar wani garaji daban. Wannan karon ban tafi ko'ina ba. Na ɗauki hutun kwana biyu daga ajin da nake koyarwa, na zauna a kan benci ina kallo aka kankare shi da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, aka ƙwanƙwasa kowane lungu a gabana, aka shafa maganin tsatsa, ya bushe, sannan aka yi fenti. Masu garajin suna ta yi mini dariya, wai Madam ta zama shef, shugabar garaji. Ban iya yin dariyar ba.

Inna ba ta sani ba. Tana cewa tsautsayi ne, tana kuma hana ni gaya maka zancen hannun don kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Jiya ta sa na ajiye maka kilishi, ko za a samu mai zuwa. Na karɓa na ajiye, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ba zan gaya mata ba. Kai za ka kira ta, da bakinka. Ta fi ni saurin yafiya, ka sani. Ni kam ban kai can ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na kai ba. Amma har yanzu idan aka ambaci masu tafiya ta hamada gabana faɗuwa yake, sai na ji an ce kuna lafiya.

Allah ya tsare ka inda kake, ya ba ka abin da ka je nema ta hanyar halal. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ji ƙan Baba. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya a kanka.

Ƙanwarka,
Rakiya
Gudel, Yamai